Ƙofofi Shida: Gani da Ji a Harshen Pali da Nazarin Zuciya na Mabiya Budda na Farko



An nemi in yi magana a kan fannin da ba kasafai ake taɓa shi a zaurukanmu ba, wato yadda mabiya Budda na farko suka fahimci gani da ji da sauran hanyoyin da mutum ke riskar duniya, da kalmomin da suka ware wa wannan aiki a harshen Pali. Tun da wuri in faɗa, ba wa'azin addinin Budda na zo yi ba. Nazari ne a kan wasu mutane na arewacin Indiya waɗanda, shekaru kusan 2,500 da suka wuce, suka zauna suka feɗe abin da ke faruwa tsakanin buɗe ido da ɓacin rai. Ina ganin ba sha'awar yawan kalmomi ce ta sa su wannan aiki ba. Suna neman gano daidai inda rigima ke tsirowa ne, kuma kowace kalma da suka ware alama ce da suka kafa a kan hanyar zuwa wurin.

Pali harshe ne na Indiya ta dā, ɗan uwan Sanskirit. Budda ya rayu wajejen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, yana yawo tsakanin ƙasashen Magadha da Kosala a kwarin kogin Ganga, kuma bai rubuta komai ba. Almajiransa ne suka haddace koyarwarsa, ana biya ta a jam'i, baki zuwa baki, har ƙarni na 1 kafin Annabi Isa, lokacin da sufayen Siri Lanka suka rubuta ta a ganyen wani nau'in giginya a Aluwihara, zamanin sarki Wattagamani. Tarin littattafan sunansa Tipitaka, wato kwanduna uku, kuma har gobe da shi ake karatu a Siri Lanka da Bama da Tailan da Kambodiya da Lawos. Wanda ya buɗe shi zai gaji da maimaici: duk abin da aka faɗa a kan ido sai an sake faɗarsa a kan kunne, da hanci, da harshe, har a kai ƙarshe. Wanda ya san hadda ba zai yi mamaki ba, domin kunne da baki aka tsara wa wannan karatu tun kafin alƙalami ya shigo. Zan furta kalmomin yadda bakin Bahaushe zai iya ɗaukarsu.

Mu a makaranta hanyoyin riska biyar aka ƙirga mana. Su shida suka ƙirga: cakkhu ido, sota kunne, ghana hanci, jiwha harshe, kaya jiki, sai mano. Kowace tana da abincinta: rupa ga ido, wato launi da siffa, sadda, sauti, gandha, ƙamshi ko wari, rasa, ɗanɗano, photthabba, abin da jiki ke taɓawa, sai dhamma, abin da mano ke riska. Kada kaya da rasa su ruɗe ku, kama ce ta baki kawai, ba su da dangantaka da namu. Waɗannan goma sha biyu ana kiransu ayatana, wato filin da abu ke aukuwa. Idan ana maganar ikon kowace a kan nata fanni sai a ce indriya, idan kuma ana maganar shigowar abu sai a ce dwara, ƙofa.

Ta shidan ce abin tsayawa a kai. Mano shi ne abin da Bahaushe ke nufi in ya ce zuciyata ta raya mini, wato wurin tunani da tuna baya da ƙiyasta gaba. Masana falsafar Girka da namu na Musulunci su ma sun lura cewa biyar ba su isa ba. Aristotal ya yi maganar wata riska ta tarayya da ke haɗa abin da biyar ɗin suka kawo, Ibn Sina kuma, wanda ya rasu a 1037, ya jera biyar na zahiri da biyar na baɗini. Amma a wurinsu hankali mai tunani yana bisa waɗannan duka, shi ne mai gida. A Pali sai aka sauko da mano aka sa shi cikin sahu. Gaskiya ne yana da fifiko ɗaya: a cikin hirar da ake kira Mahawedalla, Sariputta, babban almajirin Budda, ya bayyana cewa ido ba ya jin sauti, kunne ba ya ganin launi, kowace ba ta shiga gonar 'yar uwarta, mano ne kaɗai ke cin moriyar abin da dukkansu suka kawo. Duk da haka ƙofa ce. Ma'anar wannan ita ce tunani baƙo ne da ke shigo wa mutum, kamar yadda ƙarar mota ke shigo wa kunne ba tare da ya gayyace ta ba. Wanda ya taɓa kwanciya yana neman barci wata tsohuwar magana ta faɗo masa ya san cewa ba shi ya kira ta ba.

Akwai wani ɗan gajeren jawabi mai suna Sabba, ma'ana duka, inda Budda ya nuna cewa duk abin da mutum zai iya magana a kansa da sani bai wuce waɗannan ƙofofi shida da abincinsu ba, kuma wanda ya yi iƙirarin wani duka na daban, in aka tsare shi da tambaya, zai rasa amsa. Magana ce mai nauyi, kuma mai imani da wahayi ba zai karɓe ta yadda take ba. Na kawo ta ne don ku ga iyakar filin da suka shata wa kansu.

Bayan wannan jeri na shida akwai wani mai huɗu wanda ya fi kusa da kunnenmu: dittha, abin da aka gani, suta, abin da aka ji da kunne, muta, da winyata, abin da aka sani da zuci. Masu sharhi sun ce muta ta tattara shaƙa da ɗanɗano da taɓawa a wuri ɗaya. Hausa ta fi haka dunƙulewa. Mu gani ne kawai muka ware, sauran duk ji ne: mun ji kira, mun ji ƙamshi, mun ji gishiri a miya, mun ji sanyi, mun ji haushi, mun ji Larabci. Wani mai bincike, Ian Ritchie, ya yi rubutu a kan wannan hali na Hausa a 1991. To amma wannan jeri na huɗu ba Budda ne ya ƙago shi ba. Yana nan a littattafan Upanishad na Brahmanawa, inda aka siffanta atman, wato ainihin kai, da cewa shi ne mai gani da ba a ganinsa, mai ji da ba a jinsa, yana zaune a bayan kowace riska. Mabiya Budda suka ɗauki jerin suka cire mai zaman. A labarin wani mai neman sani da ake kira Bahiya, wanda ya tare Budda a titin garin Sawatthi yana tsakiyar bara, koyarwar da aka ba shi a tsaye ita ce ya horar da kansa har abin da ya gani ya tsaya a matsayin abin gani kawai, abin da ya ji ya tsaya a abin ji, kada ya ɗora kansa a kai.

Idan babu mai gani a ciki, to wane ne ke gani? Wani sufi mai suna Moliya Phagguna ya yi irin wannan tambaya, aka ce masa tambayar ce ba ta zauna daidai ba, kamata ya yi ya tambayi sharaɗin da ke sa abin ya auku. Amsarsu ita ce winyana, wato fargar da ke tasowa a kowace ƙofa. Ba guda ɗaya ba ce mai zagaya ƙofofi, shida ce: ta ido daban, ta kunne daban. Wani sufi, Sati ɗan masunci, ya yi ta yaɗa cewa winyana guda ce ke ratsa rayuwa bayan rayuwa ba ta canzawa. Aka kira shi gaban jama'a aka yi masa faɗa sosai, sannan aka ba da misalin wuta: wadda ke cin itace wutar itace ce, wadda ke cin ƙaiƙayi wutar ƙaiƙayi ce, wadda ke cin kashin shanu ita ma da shi ake kiranta. Haka winyana ke ɗaukar sunan ƙofar da ta taso a kanta, in sharaɗin ya gushe ita ma ta gushe. Ƙofofi shida, abincinsu shida, winyana shida, su ne dhatu 18. A nan ne muka raba hanya da su, mu da muka yi imani da rai da hisabi, kuma ba na ganin amfanin lulluɓe wannan saɓani. Sai dai abin da ke biye ana iya auna shi ko da mutum bai bi su a wannan ba.

Wata rana a Kapilawatthu, garin su Budda, wani mutum na ƙabilarsa ta Sakya mai suna Dandapani ya fito miƙe ƙafa, ya same shi zaune a gindin bishiya. Ya dogara sandarsa ya tambaye shi me yake koyarwa. Budda ya ba shi amsa cewa koyarwarsa ita ce irin wadda mai ita ba ya husuma da kowa a duniya. Littafin ya zana mana yadda mutumin ya karɓi amsar: ya girgiza kai, ya kaɗa harshe, ya tattare goshi har layi uku suka fito, ya ja sandarsa ya yi gaba. Da yamma almajirai suka nemi ƙarin bayani, Budda ya faɗi magana a dunƙule ya shige ɗaki. Sai suka tafi wurin Mahakaccana, wanda ya shahara da warware dunƙulalliyar magana. Bayaninsa shi ne jigon jawabin da ake kira Madhupindika, curin zuma, sunan da ya samo asali daga wani almajiri, Ananda, wanda ya ce jin bayanin ya yi masa kamar mayunwaci ya tsinci curin zuma.

Ga matakan da ya jera. Ido da abin gani su ne sharaɗin tasowar winyana ta ido. Gamuwar waɗannan uku ita ce phassa. Daga phassa sai wedana, ɗanɗanon abin a rai, kuma iri uku ce kawai: daɗi, zafi, ko tsaka-tsaki. Sai sannya, shaida abin ta alamarsa da sa masa suna. Sai witakka, juya shi a zuci. Sai papanca, wadda ban sami abin da ya fi dacewa da ita ba kamar saƙe-saƙen zuci, tunanin da ke yaɗo yana haifar wani tunani har ya rufe abin da aka gani tun farko.

Bari mu bi shi a hankali da abin da kowa ya sani. Mutum ya fito da yamma, ya hango wani a ƙetaren titi cikin farar riga, ya ɗaga masa hannu, wancan ya wuce bai amsa ba. Abin da ido ya kawo bai wuce fari da tsawo da motsi ba. Nan take wani ɗan zafi ya soki ƙirji, wedana ke nan, kuma ku lura ta riga bayani zuwa. Sai sannya ta ce wane ne, kuma wannan sharewa ce. Sai witakka ta kama: me na yi masa? Daga nan saƙa ta fara. Ai tun da ya sami wannan aiki ya canza. Ai ranar sunan ɗansa ma a tsaye ya gaishe ni. Ai matarsa ce ke zuga shi. Bari bikin ƙanwarsa ya zo, zai gani. Kafin mutumin ya isa gida ya yi shari'a ya yanke hukunci, ya haɗa da bara da baɗi, alhali ido bai ga komai daga cikin wannan ba. Kuma abokin nasa, mai yiwuwa, bai ma gan shi ba. Sariputta ya bayyana a wani jawabin cewa ko ido lafiyarsa ƙalau, ko abin gani ya shigo filinsa, in hankali bai karkata wurin ba, winyana ba ta tasowa. Mai lissafin kuɗin makaranta a ransa yana iya kallonka ido cikin ido bai gan ka ba.

Wani sufi ɗan Siri Lanka, Katukurunde Nyanananda, a littafin da ya fitar a 1971, ya jawo hankali ga wani abu a nahawun wannan jawabi wanda na ga ya cancanci a yi masa jinjina. Daga ido har zuwa wedana, jimlolin ba su da mai aikatawa, abu ne ke aukuwa saboda wani abu. Daga wedana sai fi'ilan suka koma na mutum: shi ne ke ji, shi ne ke shaidawa, shi ne ke juyawa, shi ne ke saƙawa. A mataki na ƙarshe kuma sai ya koma wanda ake aikatawa a kansa, abin da ya saƙa ne ke far masa ta abin da ya wuce da na yanzu da mai zuwa. Wato nahawun kansa ya nuna inda ni ke shigowa, da inda ni ɗin ke zama abin farauta. Shi ya sa Budda, a dunƙulalliyar maganarsa, ya danganta yankewar wannan saƙa da ajiye sanda da makami, da ƙarewar jayayya da annamimanci da ƙarya.

Kada a ɗauka matakan nan suna rabe kamar ɗakuna. Sariputta da kansa ya ce wedana da sannya da winyana a cakuɗe suke, ba a iya ware su a ajiye kowace gefe. Bambancin na aiki ne. Buddhaghosa, babban mai sharhi da ya yi aiki a Anuradhapura a ƙarni na 5 bayan Annabi Isa, ya ba da misali a littafinsa Wisuddhimagga: yaro da baƙauye da ɗan canji suna kallon tarin kuɗi. Yaro ya ga masu zagaye da masu kusurwa, irin sanin sannya ke nan. Baƙauye ya san kuɗi ne, ana sayayya da su, irin na winyana. Ɗan canji kuwa ya san na ƙwarai da jabu, har garin da aka buga su, wannan ita ce pannya, hikima.

To laifin na wane ne, ido ko abin da ya gani? Wani sufi mai suna Mahakotthita ya yi wa Sariputta wannan tambaya, sai ya amsa da misalin baƙin sa da farin sa da aka ɗaure da igiya ɗaya. Baƙin ba shi ya ɗaure farin ba, farin ma ba shi ya ɗaure baƙin ba, igiyar ce ɗaurin, kuma igiyar ita ce chandaraga, sha'awa da kwaɗayin da ke tasowa tsakaninsu. Saboda haka maganin ba rufe ido ba ne. Wani saurayi, Uttara, ɗalibin wani Brahmane mai suna Parasariya, ya gaya wa Budda cewa malaminsa na koyar da horon gaɓoɓi ta hanyar ƙin gani da ƙin ji. Budda ya ce in haka ne makaho da kurma sun riga kowa kammala horo. Uttara ya sunkuyar da kai, ya rasa ta cewa. Abin da suke kira indriyasamwara, tsaron ƙofofi, shi ne mutum ya gani amma kada ya cafke nimitta, alamar da ke cewa wannan abin so ne ko abin ƙi, kada kuma ya bi anubyanjana, ƙananan siffofin da zuciya ke tsinta ɗaya bayan ɗaya tana ƙara wa wutar itace. Wurin tsaron ɗan siriri ne, tsakanin wedana da saƙa, kuma ina ganin domin a nuna wannan ɗan wuri aka yi duk wannan rabe-rabe.

Tsarin yana da rami, kuma su ma sun gan shi. In kowace winyana tana tasowa ta gushe, me ke riƙe mutum lokacin barci mai nauyi, sa'ad da babu abin da ke shigowa ta kowace ƙofa? Me ya sa wanda ya farka shi ne wanda ya kwanta? Kwando na uku, Abhidhamma, da masu sharhinsa suka kawo bhawanga, wata farga ta ƙarƙashi da ke gudana duk lokacin da ƙofofi suka yi shiru. A kanta suka gina cikakken lissafi, wanda aka taƙaita daga baya a littafin Abhidhammatthasangaha na Anuruddha: gani guda cikakke yana ɗaukar ƙiftawar zuci 17. Uku na farko na bhawanga ne, tana wucewa, ta girgiza, ta yanke. Sai juyowa ga ƙofa, sai ganin kansa, sai karɓa, sai bincike, sai tantancewa, sai bakwai da ake kira jawana, sai biyu na ajiyewa. Suna kwatanta shi da mai barci a gindin mangwaro: ɗan mangwaro ya faɗo, ya farka, ya duba, ya ɗauka, ya matsa, ya shinshina, ya sha, ya haɗiye, ya koma barci.

Abu ɗaya na yaba a wannan lissafi. Sun ce ganin kansa ba shi da lada ba shi da zunubi, a cikin jawana bakwai ɗin nan ne ake aikata alheri ko sharri, wanda ya yi daidai da maganar shanun nan biyu. Amma adadin 17, a ganina, lissafin malamai ne da tsari ya tilasta, ba abin da wani ya zauna ya ƙirga a zuciyarsa ba, kuma jawaban farko ba su san shi ba. Son cike kowane gurbi ya kai su wurare masu ban mamaki. Sun ce jiki yana taɓa tauri da zafi da motsi ne kawai, ruwa kuwa ba a taɓa shi, sanyinsa na ɓangaren zafi ne, danshinsa kuma zuci ne ke ƙiyasta shi. Sun ce ido da kunne suna riska daga nesa, hanci da harshe da jiki sai abin ya iso su.

Haka kuma batun mazaunin mano. Ido yana da ƙwayarsa, kunne yana da raminsa, to mano fa a ina yake zaune? Masu sharhi suka ce a zuciya, tsokar da ke ƙirji, suka kira wurin hadayawatthu. Sai dai Patthana, littafi na ƙarshe a kwandon Abhidhamma, bai ambaci zuciya ba, bai kuma ambaci ƙwaƙwalwa ba. Ya tsaya ne a kan cewa akwai wani abu na jiki da tunani ke dogara da shi. Wani masani ɗan Bama, Shwe Zan Aung, ya nuna wannan bambanci tsakanin nassi da sharhi a fassarar littafin Anuruddha da ya fitar a 1910, ƙarƙashin ƙungiyar buga littattafan Pali da T. W. Rhys Davids ya kafa a Ingila a 1881.

Nan zan dakata. Sai tambayoyi.